Kamfan Kanar Tolliver

A garin Titusville babu wanda bai san Delmar Crouch ba. Ko dai ya taɓa rarrafawa ƙarƙashin gidanka ya yi wa gara feshi, ko kuma ya taɓa tare ka a bakin kanti yana ba ka labarin duniyar wata har madarar da ka sayo ta fara tsami. Sana'arsa kashe ƙwari, kuma ya iya ta, wannan kam ba a ƙwace masa. Amma in baƙo ya tambaye shi aikinsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Mu nan harkar sararin samaniya muke." Mutanen gari suka taimaka masa da laƙabi, suna kiransa Kwamanda. Shi kaɗai ne bai gane ba'a ake yi ba, har ya biya aka rubuta sunan a ƙofar motar aikinsa, daidai ƙasan hoton kyankyaso kwance ƙafafu a sama.

Mahaifinsa yana da 'yar gonar lemo a bakin kogi, tana kallon filin da ake harba roka a tsallake. Duk ranar da za a harba, motoci sukan cika gari, tsohon kuwa yakan buɗe gonar ya ba da hayar wurin tsayawa. Delmar ne mai nuna wa direbobi inda za su faka, saboda haka yawancin rokokin da suka tafi wata sun tashi ne yana juya musu baya, yana yi wa wani mutumin Ohio ihu kada ya take ƙaramin dashe. Wannan bai hana shi ba da labarin kowace tashi dalla-dalla ba. Yana saurayi ya nemi shiga sojan sama. Likitan da ya gwada idonsa ya ba shi shawara, ko keke zai hau ya riƙa bi a hankali. Iyakar kusancin da ya samu da kumbo shi ne wata rana da aka kira shi ya yi feshi a ɗakin cin abincin ma'aikata a cikin filin. Yini ɗaya ya yi. Har ya tsufa yana fara magana da, "Lokacin da nake aiki a ciki…"

Ya auri Nadine, mai dafa abinci a makarantar firamare, mace mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Suka haifi 'ya ɗaya, Charlene. Tarin kayan 'yan sama jannati da Delmar yake yi ya fara da ƙananan abubuwa: baje na ɗinkawa a kafaɗa, huluna, wani cokali da aka ce ya je sama ya dawo. Nadine ba ta damu ba, tana cewa gara wannan da giya. Daga baya ta ce da ta sani da ta saya masa giyar da kanta.

Manyan rigunan nan farare masu ƙoƙon kai, waɗanda aka taka wata da su, suna hannun gwamnati, an killace su a gidajen tarihi. Abin da ke faɗowa kasuwa shi ne tarkacen da 'yan sama jannatin suka tafi da shi gida, sa'annan tsufa ko sakin aure ya sa suka fitar. Akan yi gwanjo, masu kuɗi su kwashe rigunan sama da safar hannu, su bar wa irin su Delmar abin da ke can ƙasa. Abin da ƙarfinsa ya kai kuwa wata farar sutura ce ta auduga, riga haɗe da dogon wando, wadda ake sawa a jikin fata kafin komai. A ƙirjinta an ɗinka suna: TOLLIVER. Kanar Russell Tolliver ya je wata a ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen farko, sai dai bai sauka ba. Shi ne aka bari yana ta kewaye a cikin kumbo, abokansa biyu suka sauka suka yi tsalle-tsalle a talabijin. Wato ya je har ƙofar gidan biki, aka bar shi gadin mota.

Don samun wannan kaya Delmar ya sayar da jirginsa na kamun kifi, ya haɗa da ragowar gonar lemo. Bai ga dalilin damun Nadine da maganar ba sai da akwatin ya iso.

"Nadine, wanke hannunki ki zo ki ga tarihi."

Ta leƙa cikin akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Del, wannan ai kamfai ne."

"Ba kamfai ba ne. Suturar ciki ce ta musamman, wadda masana suka…"

"An dai wanke shi?"

"Allah ya kiyaye! Wankewa ai kashe shi ne. Darajar a jikin dattin take."

"Wato gonar ubanka ka sayar, ka sayo kamfan wani ƙato da ba a wanke ba."

"Ke ba za ki gane ba."

"A'a, na gane sarai. Ni da nake wanke naka shekara ashirin da ɗoriya, ashe dukiya nake ta zubarwa a kwata."

Kafin Lahadi labari ya gama coci. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiran kayan da wani suna sai kamfan Kanar.

Charlene tana makarantar koyon jinya a lokacin. Ta dawo hutu ta tarar da gadonta a gareji, ɗakinta kuwa ya zama abin da ubanta yake kira zauren tarihi. An toshe taga da labule mai kauri. An sa na'urar sanyaya ɗaki sabuwa fil, irin wadda Nadine ta yi shekaru tana roƙo a sa a falo. A tsakiya ga akwatin gilashi, a ciki ga kamfai a shimfiɗe kamar gawar sarki.

"Baba, ni a ina zan kwana?"

"'Yata, ke kina da fata, kina iya gumi. Shi kuwa zafi illa yake masa."

Dokoki suka biyo baya. Ba a shiga da takalmi. Ba a taɓa gilashi. Ba a soya kifi a cikin gida, sai dai a fita bayan gida a yi yaƙi da sauro. Duk baƙon da ya yi kuskuren karɓar kofi a gidan sai an shigar da shi zauren, Delmar ya sa farar safar hannu, ya nuna masa wani tabo ruwan ƙasa-ƙasa a cinyar hagu, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ga wannan? Ƙurar wata ce."

Hoyt, ƙanen Nadine, bakanike ne, kuma ba ya iya barin magana ta wuce. "Suruki, ba shi ne wanda bai sauka ba? Ko watan ne ya hau ya same shi?"

"Abokansa ne suka shigo da ita a jikinsu, suka rungume shi."

"A cinya?"

"A sama babu ƙasa babu bisa, Hoyt. Runguma tana iya faɗawa ko'ina. Ka tsaya a kan abin da ka sani."

Haka aka yi shekaru. Sai shekarar nan ta zo da mahaukaciyar guguwa ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu gaisuwar mutuwa. Da hukuma ta ce kowa ya bar bakin ruwa, Delmar ya nuna irin shugabancin da ake tsammani daga kwamanda. Ya naɗe akwatin gilashin da bargon aurensu, ya ɗora a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel. Nadine ta zauna a baya kan bokiti, tsakanin tankunan maganin gara, da kyanwa a cinya. Hotunan iyayenta ba su samu wuri ba. Da suka dawo suka tarar gidan yana tsaye amma babu wuta. Delmar yana da ɗan ƙaramin janareta wanda ba ya iya ɗaukar firji da na'urar sanyi a lokaci guda. Bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Naman da ke firji ya ruɓe, kamfai ya sha sanyi.

Nadine ta ga gara ta koma bakin aiki. An mai da makarantarsu mafakar waɗanda guguwa ta raba da gidajensu, tana dafa musu abinci. Wata rana da yamma ta dawo, tana cire takalmi ta ce, "Akwai wani tsoho a makaranta mai sunan kamfanka."

Delmar ya saki cokali.

"Wane irin tsoho?"

"Dogo, mai kunnuwa. Ya ce faten masarata ya fi na sojoji, amma da kaɗan. Wai rufin gidan hayarsa ne ya tafi teku."

Bai ko sa takalmin kirki ba ya faɗa mota. A zauren wasannin makaranta, a kan gadon tafi-da-gidanka, ya samu Kanar Russell Tolliver zaune da gajeren wando, yana yanke farcen ƙafa. Shekarunsa sun doshi tamanin. Aure uku ya yi, kowace mata ta tafi da gida guda, abin da ya rage masa jakunkuna biyu ne da ciwon gwiwa. Bai daɗe da dawowa yankin ba. Delmar ya tsaya ƙiƙam ya sara masa, irin sarawar wanda ya koya a talabijin.

"Ranka ya daɗe, sunana Delmar Crouch. Yallaɓai, kamfan… suturarka ta ciki tana hannuna."

Kanar ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa. "Samari, in kai ne mai wanki, ka makara."

Da aka yi bayani, Delmar ya roƙe shi ya zo ya zauna a gidansu kafin a gyara masa rufi, ko da mako biyu ne. Kanar ya tambaya ko matar nan mai faten masara ce za ta riƙa girki. Da aka ce ita ce, ya tura ƙafa cikin silifa.

Yana shiga gidan ya zagaya ɗaki-ɗaki yana shaƙar zafi, har ya buɗe ƙofar zauren tarihi, sanyi ya buge shi.

"Nan zan kwana."

Da hannunsa Delmar ya ɗauko gadon Charlene daga gareji ya mayar inda yake, abin da kukanta na shekaru bai sa ya yi ba. Sa'annan ya sa safar hannu, ya kunna 'yar fitilar akwatin, ya ja gefe yana jiran ya ga hawaye a idon jarumi. Hoyt ma ya zo, don irin wannan rana ba ta wuce shi.

Kanar ya sunkuya ya ƙura ido. "Kai! Shegen nan yana nan? Ƙaiƙayi gare shi kamar buhun albasa. Matata ta biyu ce ta sayar, don ta ƙona min rai."

"Yallaɓai, ga ƙurar nan ma har yanzu," in ji Delmar, yana nuna cinyar hagu.

"Wace ƙura?"

"Ta wata. Wadda abokanka suka…"

Kanar ya fashe da dariya har sai da ya dafa gilashin da duka tafin hannunsa. "Samari, jakar fitsari ce ta ɓalle min tun a hanyar zuwa. Haka na ƙarasa tafiyar ina wari kamar bayan tasha. Da mutanen nan suka dawo daga kan wata, babu wanda ya yarda ya matso kusa da ni, balle runguma."

Hoyt ya fita tsakar gida ya zauna a ƙasa yana ta ƙyaƙyata dariya. Nadine har ta fara jin tausayin Delmar. Washegari ya fito karin kumallo fuska a sake.

"Kin san abin da wannan ke nufi? Mai kayan da bakinsa ya tabbatar. Ƙura ai kowa yana iya samu. Wannan kuwa daga jikinsa ta fito, a sararin samaniya!"

Nadine ta yi tsaki, ta ajiye tausayinta don wata rana.

Mako biyu suka zama wata biyu. Aka gyara rufin gidan haya, aka ba wani. Kanar bai ko tambaya ba. Delmar ya yi shekaru yana mafarkin zama da ɗan sama jannati, amma a mafarkin ɗan sama jannatin ba ya tari, ba ya barin haƙoran roba a kofin shan ruwa. Sanyin da ya ja Kanar zuwa ɗakin shi ne ya fara tayar masa da ciwon gwiwa, sai ya riƙa kashe na'urar yana buɗe taga, iskar gishiri tana shigowa yadda ta ga dama. Yana shan sigari mai kauri. Akwatin gilashin ya zama teburinsa, a kai yake ajiye kofi da farantin soyayyen kifi, domin dokar hana suya ta mutu ranar da ya ce yana marmari. Delmar yakan bi bayansa da tsumma yana goge maiƙo, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Maganar wata kuwa, ko da ƙugiya ba a ciro ta daga bakinsa.

"Yallaɓai, da ka leƙa ta taga ka ga wata kusa da kai, yaya yake?"

"Toka-toka. Miƙo min gishiri."

"To me ka ji a ranka?"

"Yunwa. Uwargida, akwai sauran jatan landen nan?"

Abin da yake son magana a kai shi ne tseren karnuka, da lauyoyin matansa, da yadda gwiwa take cin amanar mutum. Shi da Nadine suka ɗinke. Yana yaba girkinta, yana tsayawa ya goge kwanuka tana wankewa, da la'asar su zauna a baranda suna karta, tana cinye shi yana rantsuwa ta yi maguɗi. Maƙwabta suka ce rabon da su ji dariyar Nadine tun tana amarya. Ran nan ya gyara mata famfon kicin da ya shekara yana ɗiga. Delmar ya jira ya gama, ya ɗauke sifanar ya sa a leda.

Ya kai ƙara wurin Hoyt a gareji.

"Mutumin nan zai lalata min tarihi."

"Suruki, ai shi ne tarihin."

"Tarihi mai cin abinci sau uku? Jiya na same shi ya buɗe akwatin, wai yana neman abin goge tabarau."

"To ka kore shi mana."

Delmar ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. "Ka taɓa jin wanda ya kori ɗan sama jannati? Kuma in ya koma gidan wani fa?"

Daga wannan hirar ce dabara ta faɗo masa. Mutumin da bai taɓa wanke ko hankicinsa ba ya sanar cewa daga yau shi ne mai wankin Kanar, don girmamawa. Ya kama hayar wani ɗan ɗakin ajiya a bayan gari, ya sayo ledoji masu zif. Safa ta fara ɓata, sai singileti, sai riguna. Kowanne yana shiga leda yadda ya fito daga jiki, da gumi da komai. Da farko yana maye gurbinsu da masu araha daga kanti. Daga baya ya ga wannan ma asara ce.

Kanar tsoho ne, amma ba wawa ba ne. Wata safiya ya tare shi a ƙofar banɗaki, tawul a ƙugu.

"Samari, ina wandona ruwan toka?"

"Yana… injin wanki ne ya cinye shi, ranka ya daɗe."

"Injin naka yana da ɗanɗano. Bai taɓa cin na kanti ba sai nawa na asali." Ya matso kusa. "Saurara. Likita ya hana ni sigari, uwargida kuma ta ɗauki maganarsa kamar wahayi. Kowace safa, sigari ɗaya. Riga, uku. In kana so in yi gumi a ciki da gangan, ka ƙara da kwalba."

Suka yi musabaha. Ciniki ya kankama, kuma shi ne lokacin da suka fi jituwa. Kanar yakan sa riga ya zagaya gida sau ɗaya ya cire ya miƙa, Delmar ya karɓa da hannu biyu. Kafin shekara ta biyu ta ƙare, jakunkunan nan biyu sun zama fanko. Mutumin da ya kewaya wata ya koma yawo a rigar wanka ta Nadine, mai furanni, yana busa hayaƙi a bayan gareji inda ba ta gani.

Huhun ne ya fara gajiya. Aka kwantar da shi a asibitin da Charlene take aiki, Nadine tana kai masa miya a kwano kullum. Wata rana da hantsi Nadine ta fita neman likita, aka bar shi da Delmar su biyu. Kanar yana kallon silin, sai ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba.

"Ka san lokacin da kumbo yake zagawa bayan wata, rediyo yana ɗaukewa. Babu mai kiranka. Babu mai ce maka danna wannan, karanta wancan. Su biyun suna can kan wata, sauran mutanen duniya duka suna ɗaya gefen. Ni kaɗai. 'Yan jarida suna ta cewa wayyo, kaɗaici. Ƙarya ne. Ban taɓa samun hutu irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Nakan kashe fitila in zuba wa taurari ido. Yawansu har ya ɓaci, samari, kamar an zubar da…"

Ya ci gaba, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi. Wannan ita ce maganar da Delmar ya yi shekara biyu yana roƙo a bakin tebur. Ya ji farkonta. Daga tsakiya idonsa ya sauka kan rigar asibitin da ke jikin Kanar, shuɗiya mai igiya a baya, ya shiga lissafin ko Charlene za ta yarda ta fito masa da ita kafin a kai wanki. Da hankalinsa ya dawo, Kanar ya yi shiru yana kallonsa.

"Ba ka ji ba ko?"

"Na ji, yallaɓai."

"Ba ka ji ba. Ba komai. Ɗauki rigar in na gama da ita."

Kwana kaɗan bayan haka ya gama da ita.

Ɗansa guda, wanda ke can California, ya bugo waya ya ce a yi duk abin da ya dace, zai iso ranar binnewa. Masu shirya gawa suka aiko a kawo kwat da wando. Nadine ta buɗe kabad ɗin zauren tarihi, ta samu marataya suna lilo babu komai. Ta juyo a hankali.

"Del, ina baƙar kwat ɗinsa? Da ita ya zo, na gani da idona."

"Tana wuri mai kyau."

"Kawo mabuɗin."

"Nadine, ki tsaya ki yi tunani. Da kwat ɗin nan ya gaisa da shugabanni. In ta shiga ƙasa, shi ke nan, duniya ta yi asara."

"A rigar wankana kake so a binne shi?"

Ta wuce ɗakinsu ta dawo da wata kwat a cikin ledar shago, ruwan bula mai duhu, ko lambar kuɗin ba a cire ba. Auren Charlene saura 'yan makonni, wannan ce Delmar ya saya don ya raka ta gaban fasto, kuma ita ce kwat ta kirki ta farko da ya taɓa mallaka. Nadine ta shimfiɗa ta a kan gilashin.

"Zaɓi ɗaya. Ko mabuɗi, ko wannan."

Ya dubi kwat ɗin. Ya dafa aljihun da mabuɗin yake. A gaskiya ya yi tunani, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Daga ƙarshe ya ɗauki almakashi ya yanke lambar kuɗin da kansa.

Delmar gajere ne mai tumbi, Kanar kuwa dogo ne siriri. Masu shirya gawa suka tattare bayan da allurai, suka rufe ƙafafun da mayafi don kada a ga inda wandon ya tsaya. Daga ƙirji zuwa sama dai ya yi kyau. Ɗan ya iso a motar haya, ya leƙa akwatin, ya ce bai taɓa ganin babansa cikin shiga mai tsada haka ba.

An yi jana'iza ta girma. Sojoji suka naɗe tuta, aka harba bindiga, jiragen yaƙi suka wuce a sama suna girgiza ƙasa. Nadine ta yi kuka a nitse cikin hankici. Delmar kuwa, da aka fara sauke akwatin, ya rushe da kuka irin na yara, kafaɗu suna rawa, har mutanen coci suka fara jin kunyar dariyar da suka yi masa shekara da shekaru. Wani ɓangare na kukan na gaske ne, domin da safiyar nan ya fito da faranti uku ya jera a tebur kafin ya tuna. Hoyt ya matso ya dafa shi.

"Haƙuri, suruki. Ka riƙe shi da kyau, kowa ya shaida."

"Hoyt," in ji Delmar cikin shessheƙa, "kwat ɗina ce a jikinsa. Tawa. Ɗan sama jannati ya sa kayana, kuma ko hoto ban ɗauka ba."

Hoyt ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

Ranar auren Charlene, Delmar ya raka ta a cikin kwat ɗin Hoyt, ruwan ƙasa, wadda hannuwanta suka rufe masa yatsu, maɓallin ciki kuma ya ƙi haɗuwa. Tana ɗan warin man inji. Charlene ta riƙe hannunsa ta kalli gaba kawai. A wurin liyafa uwar ango, wata mata mai sarƙar lu'ulu'u daga Atlanta, ta dubi kwat ɗin, ta yi ƙoƙarin kau da ido, ta kasa. Delmar ya lura, ransa ya yi fari. Ya ajiye farantinsa, ya ja kujera kusa da ita, ya naɗe hannun rigar.

"Na ga kina kallo, madam. Wannan ta aro ce. Tawa tana jikin wani babban mutum yanzu haka. Kin san Kanar Tolliver?"

Matar ta ce ba ta san shi ba.

"Madalla," in ji Delmar. "Bari in fara miki daga farko."

Nadine ta ɗauki kofinta ta koma teburin da ya fi nisa.